Ƙashi Ba Ya Ƙarya

Na taso daga aji a Gwale, alli fari fat a hannun rigata,
na iske Baba Ɗanjummai a rumfarsa ta Kasuwar Rimi
yana wasa wuƙa, ƙudaje na kewaya faranti.
Ya ce, "Sagiru, yau me ka koya wa 'ya'yan mutane?"
Na ce, "Dainaso, Baba, masu cin nama,
waɗanda suka shuɗe tun ƙasa ba ta san sawun mutum ba."
Ya ce, "Masu cin nama? Abokan ciniki ne ashe. Zauna."

Na ce, a da masana kwando biyu suka ajiye.
In ƙashi ya fito ƙato, a jefa shi dama,
in ya fito siriri, a jefa shi hagu.
Haƙori ɗaya tak za a tono a gindin dutse
a raɗa masa suna, ba rago, ba wanzami.
Akwai sunan da ya kwashi baƙi
fiye da motar Wudil ranar Juma'a,
duk ƙashin da aka rasa ubansa
sai a tura shi ciki, a ce ya matsa a zauna.

Baba ya yi dariya har ya aje wuƙa.
"Wato raƙumi da bijimi 'yan uba ne
don duk ba sa shiga ƙofar zaurenmu?
Yaron da na ɗauka jiya ma ba zai yi wannan ba."

Na ce, daga baya masu haƙuri suka zo.
Suka bar girma, suka koma gaɓa,
idon sawu, kwatangwalo, yawan yatsu,
da kogon da iska ke bi a cikin ƙashi.
Mai kai kamar turmin sussuka,
mai hannuwan da ba sa kai wa haɓa susa,
aka zare shi daga kwandon ƙatti,
aka kai shi ɗakin ƙanana, inda gashin tsuntsu ya fara.
Mai dogon baki irin na kada,
wanda aka tono a rairayin ƙasar Agadas,
aka ware masa nasa ɓangaren, shi da masu son kifi.
Har yau ba a gama ba,
ana rushe katanga, ana jan wata.

Bai ce komai ba.
Ya miƙa hannu teburin Iliya mai kaji,
ya tsaga ƙirji, ya zaro ɗan ƙashin nan mai reshe biyu.
"Wannan?"
Na ce, "Shi ne shaida, ƙaton ma yana da irinsa."
Wani zakara na taka bakin kwata da yatsu uku a gaba,
Baba ya bi shi da ido har ya ɓace bayan buhunan albasa.
"Shi ya sa," ya ce, "yake cara kamar yana bin gari bashi."

La'asar ta yi, ya ɗauko buta, ya tsaya.
"Mu ma an yi mana kwando.
Duk mai jini a riga, a ce ɗan fawa, shi ke nan.
Inna ta ce daga Damagaram muka zo da jaki,
Kawu Bawale ya rantse fatake ne mu, fawa tsintuwa ce,
tsagen fuskar kakana kuwa ya bi shi kabari.
Ni dai na san gaɓa, ban san asali ba."

Ya naɗe ƙashin a takardar siminti,
maiƙo ya huda ta, ya cusa mini a aljihu.
"Kai wa yaranka su taɓa da hannu.
Sunan kuma ka rubuta musu da alli,
tunda masu shi ba su gama shawara ba."